Kafin Ki Sayo Wa Yara Garken Kifin Damsel



Kwanan nan tambaya ɗaya ce ke ta maimaituwa a saƙonninku. Yara sun ga bidiyon akwatin gilashi a waya, cike da ƙananan kifaye shuɗaye kamar an tsoma su a rinin baba, sun tasa ku gaba sai an sayo musu. Wasunku har kun tuntuɓi masu sayarwa, an ce muku ku fara da kifin damsel guda biyar ko shida, wai yana da araha kuma ba ya saurin mutuwa. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa. Damsel yana da juriya, yana kuma da faɗa, kuma haɗa su da yawa a wuri ɗaya shi ne abin da ya fi wuya a kiwonsa. Yau zan faɗa miki ɗaya rabin, don ki yanke shawara tun kuɗinki na hannunki.

Wane irin kifi ne damsel?

Damsel sunan dangi ne babba, masana suna kiransa Pomacentridae, kuma ire-irensa sun kai kusan 400. Yawancinsu suna zaune ne a tsakanin duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi, irin na Indonesiya da Filifin da Ostireliya da Bahar Maliya. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane da yaranki suka sani a fim ɗin Finding Nemo na 2003, shi ma ɗan wannan dangin ne. Kusan dukkan waɗanda ake sayarwa don ado kifayen teku ne. In kika zuba su a ruwan famfo ko na rijiya kamar tarwaɗa ko karfasa, ba za su kwana ba.

A teku, damsel da yawa kowanne yana da ɗan filinsa da yake gadi. Akwai wani iri mai suna Stegastes nigricans da ke noman gansakuka a kan dutse: yana cire wadda ba ya so, ya bar wadda yake ci ta girma, ya kuma kori duk wanda ya matso gonar. Irin waɗannan manoma har masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa suke kai wa cizo, duk da ƙanƙantarsu. Lokacin haihuwa kuma namiji ne yake share dutse, mace ta zuba ƙwai ta tafi, shi ya tsaya yana yi musu fifita yana gadinsu har su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki. Kin ga ke nan faɗan a jininsa yake, da shi yake kare abincinsa da 'ya'yansa.

To a teku, wanda aka kora yana da inda za shi. A cikin gilashi kuwa bango ne gaba da baya.

Yadda shida ke komawa ɗaya

Masu kiwon kifin teku sun san wannan labarin sosai. Makon farko lafiya lau, kowa na yawo tare saboda baƙunta da tsoro. Daga nan sai ɗaya ya kama dutsen da ya fi girma ya mai da shi nasa. Wanda ya fi rauni a cikinsu zai fara shan kora, sai ki gan shi ya maƙale a kusurwar sama kusa da bakin ruwa, launinsa ya dushe, jelarsa ta yage, in an zuba abinci ba ya iya fitowa. Yunwa da fargaba su raunana shi, cuta ta samu ƙofa, wata safiya a tarar da shi a mace. Sai kora ta koma kan na biye da shi a rauni. A haka cikin 'yan watanni shida za su koma biyu ko ɗaya, kuma wanda ya rage ba zai bar wani sabon kifi ya shigo ba.

Yaro ɗan shekara shida da ya raɗa wa kowane kifi suna, shi ne zai riƙa ganin wannan da idonsa kowane mako. Shi ya sa zaɓin iri yake gaba da komai.

Wanne ake iya haɗawa, wanne ba a haɗawa?

Wanda ya fi dacewa da zaman garke shi ne kuromis mai launin kore-kore shuɗi-shuɗi, wato Chromis viridis. A teku ma a garke yake yawo a saman murjani, yana cin ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, bai damu da gadin gona ba. Girmansa bai wuce santimita 8 zuwa 10 ba. Amma ko shi, in wuri ya yi ƙunci ko abinci ya yi kaɗan, sukan rage junansu ɗaya bayan ɗaya. Kuma yakan zo daga shago da wata cuta mai sa jan gyambo a gefen jiki, don haka ki duba jikin kowanne da kyau kafin a kama miki.

Na biyu shi ne shuɗi mai rawayar jela, Chrysiptera parasema, wanda bai wuce santimita 7 ba. Faɗansa da sauƙi in aka kwatanta da 'yan uwansa, ana iya haɗa su in tankin yana da faɗi da maɓoya.

Waɗanda za ki guje wa kuma su ne suka fi jan ido suna ƙanana. Akwai baƙi mai fararen ɗigo uku da masu shago ke kira domino, Dascyllus trimaculatus. Yana ƙarami abin sha'awa ne, amma yakan kai santimita 14, ɗigon su dushe, ya zama toka-toka mai mugun hali. Akwai fari mai baƙaƙen zane uku, Dascyllus aruanus, shi ma ba kanwar lasa ba ne. Sai mai zane biyar da ake kira sajan manjo, Abudefduf saxatilis, wanda ake samu har a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Wannan yakan haura santimita 20, ya fi ƙarfin tankin falo.

Ka'idojin zaman garke

In kin tsaya a kan garke, ga abin da ke rage rigima.

Wuri ya zama da faɗi. Don kuromis biyar ko shida, kada tankin ya gaza lita 200, wato kimanin durom guda na ruwa, kuma dogo ya fi mai tsayi sama, domin tsawon ne ke ba wanda aka kora damar nisanta. Tanki irin wannan da ruwansa da duwatsunsa da gilashinsa ya haura kilo 250, nauyin buhun siminti biyar ke nan. Teburin falo ba zai ɗauka ba, sai an yi masa mazauni na musamman.

Ko dai guda ɗaya, ko biyar zuwa sama. Biyu ko uku su ne mafi muni, domin duk fushin babban yana sauka ne a kan kifi ɗaya. In suna da yawa korar takan rarrabu.

A saka su rana ɗaya, girmansu ya zo kusan ɗaya, kuma iri ɗaya. In akwai wasu kifaye masu sanyin hali da za su zauna tare da su, su ne za su fara shiga, damsel ya zo a ƙarshe. Wanda ya riga shiga yana ɗaukar duk tankin a matsayin gidansa.

A jera duwatsu tsibi biyu ko uku masu ramuka da yawa, yadda kowane kifi zai samu wurin kwana kuma ba za su riƙa ganin juna kodayaushe ba. Abinci kuma kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, a zuba a wurare biyu don mai ƙarfi kada ya tare.

Ki kuma tanadi ƙaramin tanki na biyu. A nan ake killace sabon kifi na mako uku zuwa huɗu a ga ko yana da cuta, musamman fararen ɗigo kamar gishiri a jiki, kuma nan za ki kai wanda aka matsa wa. Kama damsel a tsakanin duwatsu aiki ne ja, sau da yawa sai an kwashe duwatsun duka.

Ruwan shi ne ainihin abin da ake kiwo

Gishirin miya ba ya yi, na ƙulli ko na leda. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don tankin teku, mai ɗauke da sinadaran da ruwan teku ke da su. Ana zuba kimanin giram 35 a kowace lita, ke nan cika tankin lita 200 zai ci wajen kilo 7. Kowane mako ana kwashe kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan a zuba sabo, lita 20 ke nan da gishiri giram 700, kusan kilo 3 a wata. Ki tambayi farashinsa da kuma inda za ki riƙa samunsa kafin ki sayi kifi ko ɗaya, domin ba a kowace kasuwa yake ba.

Ruwan da za a kwaɓa da shi ma sai tatacce. Na famfo yana iya zuwa da kulorin, na burtsatse kuma da sinadaran ƙasa. Ana auna yawan gishirin da ɗan ma'auni, ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.026. Ga wani abu da sababbi ke yawan kuskurewa: in zafi ya ƙafar da ruwa, ruwan ne kawai ya tafi, gishirin yana nan. Don haka ana cikawa ne da ruwa mara gishiri.

Ba a saka kifi ranar da aka cika tanki. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce mai ƙona wurin da kifi ke numfashi. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama a jikin duwatsu da matatar ruwa, su suke juya amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su juya shi zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita sai an yi mako huɗu zuwa shida. A da, saboda juriyar damsel, shi ake jefawa cikin sabon tanki ya sha gubar har ruwan ya nuna, kuma har yanzu wasu masu shago na ba da wannan shawara. Babu buƙatar azabtar da dabba. Ɗan guntun jatan lande ko ɗan abincin kifi in ya ruɓe a ciki zai yi aikin. Ana aunawa da kayan gwaji har amoniya da naitirait su koma sifili, sannan kifi ya shiga.

Wuta, zafi da maganin sauro

Yawancin bidiyon da yara ke gani an ɗauke su ne a ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Tankin teku yana buƙatar injin da ke motsa ruwa dare da rana. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma duk lokacin da ruwa ya ƙara ɗumi iskar na ƙara raguwa. In aka ɗauke wuta da rana tsaka a watan Afrilu, cikin 'yan awoyi za ki ga kifin sun taso sama suna haki. Bakteriyan nan masu amfani su ma iska suke buƙata, in suka mutu amoniya ta dawo. Saboda haka in ba ki da sola ko inbata da za ta riƙe injin har cikin dare, kada ki fara. Ko kina da ita, ki ajiye ɗan injin iska mai batir.

Damsel yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafin bazara yakan kai digiri 40, sai an haɗa da fanka mai kaɗa saman ruwan, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko ta sanyaya ruwa. Da hunturu kuma dare yakan yi sanyin da sai an kunna hita. Kada a ajiye tankin inda rana ke bugawa ta taga.

Sai maganin sauro. Yawancin na fesawa da na kunnawa suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya sauka a ruwa. Ɗakin da tanki yake ba a yi masa feshi. Turaren wuta ma a nisanta shi, kuma hannun da ke da man shafawa ko humra ko kumfar sabulu kada ya shiga ruwan. Ki gaya wa duk wanda ke tayaki aikin gida, domin feshi ɗaya na yamma ya isa ya gama da tankin.

Yanzu bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya

Na farko, bokiti. Ranar canjin ruwa bokitai za su cika falo, kuma yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa ya faɗa da ka, ba zai iya fitowa ba, ba kuma za ki ji kukansa ba. Ruwa kaɗan ya isa. Kada ki bar bokiti da ruwa ko na minti ɗaya in akwai ƙaramin yaro a gida. Tankin ya kasance da murfi, mazauninsa ya zama wanda ba zai rinjaya ba in yaro ya rataya, kuma kada a bar kujera kusa da shi.

Na biyu, lantarki. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaukar wuta. Soket ya kasance sama da ƙasa nesa da fantsama, kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa. A kashe komai kafin a sa hannu.

Na uku, cutar fata. Akwai ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum da ke rayuwa a tankin kifi. 'Yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, amma a fata take tsayawa ga yawancin mutane, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Tana shiga ta yanka ko ƙujewa, irin wadda wuƙar yanka albasa ke bari. Bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, sai wani jan ƙullutu ya fito a yatsa ko bayan hannu, ya ƙi warkewa, wani sa'in wasu su biyo shi a jere zuwa damtse. Maganin ƙurji na kemis ba ya yi masa, magani ne na watanni a hannun likita. In kin je asibiti da irin wannan, ki faɗa da bakinki cewa kina da tankin kifi, don ba kowane likita ne zai yi tunanin tambaya ba. Rigakafinsa safar hannu ta roba mai tsawo, da wanke hannu da sabulu bayan an gama. Mai ciwon suga, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, da yaran da ba su kai shekara biyar ba, kada su sa hannu a ruwan. Kada a tsotsi tiyo da baki don jawo ruwa, kada kuma a wanke kayan tanki a inda ake wanke kwanukan abinci.

Na huɗu, duwatsun da aka ɗebo daga teku. Wani lokaci suna zuwa da wasu ƙananan halittu masu kama da furanni, waɗansunsu na ɗauke da guba mai ƙarfi da ake kira falitoksin. An sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti a Ingila da Amurka bayan an goge irin wannan dutse ko an zuba masa tafasasshen ruwa, suka shaƙi tururin. Mu da muka saba tafasa abu don tsaftace shi, wannan ki riƙe shi da kyau: dutsen tankin teku ba a tafasa shi. In wani ya fara tari, zazzaɓi, ko numfashi da ƙyar bayan an taɓa duwatsun, a fita daga ɗakin, a buɗe tagogi, a tafi asibiti a faɗi abin da ya faru.

Na ƙarshe, 'yan kwalaben gwajin ruwa. Suna kama da maganin ɗigawa a ido, amma wasunsu na ƙona fata da baki. A kulle su inda ake kulle magunguna.

To, a saya ko kada a saya?

Ki yi wa kanki tambaya huɗu. Akwai wutar da ba ta yankewa? Akwai wurin tankin lita 200 da mazauni mai ƙarfi? Akwai kuɗin gishiri da abinci da kayan gwaji kowane wata? Akwai babban mutum da zai ba shi awa ɗaya ko biyu kowane mako, har da lokacin da kuka yi tafiyar biki ko hutun sallah? Damsel da ya samu kulawa yakan yi shekara biyar zuwa goma. Yaron da ke kuka a saya yau zai iya shiga sakandare kifin na nan, kuma kin san a kan wa aikin zai dawo.

In amsar duka huɗun e ce, bismillah. Ki fara da kuromis biyar ko shida bayan ruwan ya nuna, ki riƙa duba kusurwar sama kowace safiya. In wuri ne ya gaza amma sauran sun cika, damsel mai rawayar jela guda ɗaya, ko 'yan uwan Nemo guda biyu waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, za su zauna a tanki mai lita 80 zuwa 100. Na gidan kiwo sun saba da abincin gwangwani, kuma ba a ɗebo su daga teku ba, inda yawancin kifin ado na ruwan gishiri ke fitowa.

In kuwa ko ɗaya daga cikin amsoshin a'a ce, kifin ruwan daɗi irin gufi yana da launi mai kyau, yana haihuwa a gaban yara, ba ya buƙatar gishirin teku, kuma ya fi jure yanayin gidajenmu. Yaro zai koyi auna abinci da ƙirga kifi da lura da wanda ba shi da lafiya, wanda shi ne amfanin da muke nema masa tun farko. Dabbar da muka killace haƙƙinta na wuyanmu, kuma yara suna kallon yadda muke riƙe ta.

Wadda ta taɓa kiwon damsel ko wani kifin teku a gida, ta faɗa mana a ƙasa yadda ta yi da matsalar wuta da zafi, 'yan uwa su ƙaru. Tambayoyin lafiya kuma ku ci gaba da turowa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, Allah ya raya mana zuri'a.